Tayin da Ba a Maimaita wa Tsuneo Ba

Hibino Tsuneo shi ne ɗa na uku a gidan wani manomin shinkafa da ke cikin duwatsun Tamba, kuma a wurinsu ɗa na uku ba ya gadon gona. Da ya cika shekara goma sha biyar, mahaifinsa ya kai shi birnin Kyoto, ya damƙa shi a hannun gidan Kusakabe, waɗanda tun kaka da kakanni sana'arsu ita ce tsara lambuna a gidajen ibada da gidajen attajirai. Uban bai ko zauna shan shayi ba. Ya sunkuya ya ce wa maigidan, "Ga shi nan, in ya yi lalaci a buge shi," sannan ya juya ya kama hanyar tasha.

Shekara uku Tsuneo bai taɓa almakashi ba. Shara yake yi, da ɗebo ruwa, da tsince ciyawa daga cikin gansakuka da tsinken gora. Tsohon maigidan, Kusakabe Jinzaburo, ba ya koyarwa da baki. Abin da yake faɗa kullum shi ne, sana'a ba kyautarta ake yi ba, satarta ake yi da ido. Idan ma'aikaci ya kafa dutse bai yi masa ba, sai ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Tone," ya wuce abinsa. Ba ya faɗin dalili. Mutum zai tone, ya juya dutsen, ya sake binnewa, har ranar da tsohon zai bi ta wurin bai ce komai ba. Wannan shirun shi ne yabo, babu wani bayansa.

A haka Tsuneo ya tashi, a haka kuma ya horar da na bayansa lokacin da ya zama babban ma'aikacin gidan. Cikin waɗanda suka biyo ta hannunsa har da Norihiko, ɗan maigidan kuma magajinsa, saurayi ɗan shekara goma sha tara mai laushin hannu, wanda littattafan Turanci suka fi dagi shiga ransa. Wata rana a lambun wani gidan ibada Tsuneo ya sa shi ya tone dutse guda har sau bakwai, sauran ma'aikata suna zaune a inuwa suna ɓoye dariya a cikin kofunan shayi. A na bakwai tafin saurayin ya fashe, jini ya ɓata igiya. Tsuneo ya taso, ya sa sanda ya karkata dutsen da abin da bai wuce faɗin tafi ba, sai dutsen ya zauna kamar a nan ya tsiro. Ya nuna fuskarsa da yatsa ya ce, "Ƙaramin Maigida, ido," ya koma wurin shayinsa. A ganinsa gata ya yi wa saurayin, irin gatan da aka yi masa. Kafin mako ya zagayo ya manta da zancen.

Yana da shekara arba'in lokacin da wani kamfanin zare na Japan ya buɗe masana'anta a Wendam, wani ƙaramin gari a arewacin Holan, ya kuma ga ya dace ya yi wa garin kyautar lambu. Aka ba gidan Kusakabe aikin. Jinzaburo ya kira Tsuneo ya ce masa, "Shekara biyu ne. Sunan namu ne, lambun naka ne." Tsuneo ya ɗauki ƙarshen maganar ya adana a zuciya, ya tafi tare da matarsa Kinue.

Ƙasar Wendam shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, babu tudu, babu dutsen da ya isa a kira shi dutse, ga iskar teku da ba ta san hutu ba. Sai da aka yi safarar duwatsu a jirgin ruwa, aka kuma tara tudu da ƙasar da aka haƙa daga tafki. Majalisar gari ta haɗa shi da ma'aikacinta Roelof, wani ƙato mai jan gemu wanda bakinsa ba ya minti biyar a rufe. Ranar da Roelof ya ga an binne kashi biyu cikin uku na dutsen da aka sha wahalar kawowa, sai ya dafe ƙugu.

"Oga, tun daga uwa duniya aka ɗauko shi don a binne? Ai da ka faɗa da na kawo maka surukata. Nauyinsu ɗaya, ita kuma ba sai an sa ta a jirgi ba."

Tsuneo bai yi dariya ba sai bayan kwana biyu, lokacin da ya gama haɗa kalmomin a kansa.

Roelof ne kuma ya koya masa yadda mutanen ƙasar suke tayi. Lahadin farko da ya gayyace su gidansa, matarsa ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙo. Tsuneo ya ɗaga hannu ya ce a'a, kada a wahala, kamar yadda mai tarbiyya yake yi kafin a sake yi masa tayi. Matar ta rufe gwangwanin ta mayar da shi cikin kabad. Ya sha gahawarsa tsura, yana jin ƙarar taunar Roelof.

"A nan sau ɗaya ake tambaya, Oga," in ji Roelof da ya rako su. "In kana so, ka ce kana so. Ba mu da lokacin zawarcin mutum a kan biskit."

Ya koya, kuma bai ƙara rasa biskit a garin ba.

Shekara biyu ta zama biyar, biyar ta zama ashirin. Lambu ba gini ba ne, balle a miƙa makulli a tafi. Itatuwan nan masu ganye kamar allura, kowace bazara sai an hau tsani an karya sabon tohonsu ɗaya bayan ɗaya da yatsa, da kaka a tsige tsofaffin allurai, a ɗaure rassa da gora da igiya don su kwanta yadda ake so; itace guda yakan ci kwana uku. Gansakuka ta ƙi ƙasar har shekara shida, tsuntsaye suna tone ta suna watsarwa, sai a ta bakwai ta yarda ta bazu. Kamfani yana sabunta yarjejeniyarsa da gidan Kusakabe, gidan yana barin Tsuneo a can, babu wanda ya ƙara tayar da zancen dawowa. Su biyu suka zauna a ɗan gidan da ke kusurwar lambun, ba su sami haihuwa ba. Kinue ta koyi keke, ta koyi harshen har ta fi mijin nesa, ta shiga ƙungiyar mata masu saƙa, kuma duk Juma'a sai ta ci ɗanyen kifi da albasa a tsaye a kasuwa kamar 'yar gari.

Lambun ya yi suna. Motocin baƙi suna zuwa daga Jamus da Beljiyam, amare da angwaye suna ɗaukar hoto a kan gada. Allon bakin ƙofa yana ɗauke da sunan Kusakabe Jinzaburo, wanda ya rasu a shekara ta goma sha huɗu ba tare da ya taɓa taka ƙasar Holan ba. Allon bai dami Tsuneo ba. Abin da ya sani shi ne lambu yana fara zama lambu ne a shekara ta talatin, saura masa goma, kuma yana so a yi su a hannunsa.

A shekara ta ashirin kamfanin ya rufe masana'antarsa, lambun ya koma hannun majalisar gari. Majalisa za ta naɗa shugaban lambu nata na kanta, kuma ɗan gidan kusurwa na wanda aka naɗa ne. Mevrouw Zwiers, wato Uwargida Zwiers a harshensu, shugabar kwamitin lambuna, ta tsayar da kekenta a bakin ƙofa ta gaya wa Tsuneo cewa shi suke so, kuma za a tambaye shi a zaman ranar Laraba. Ta ƙara da cewa sun gayyaci shugaban gidan Kusakabe ya halarta, don girmamawa. Shugaban gidan a lokacin Norihiko ne.

Kinue tana yanka kabeji ta ce, "Mai lambu, in ta tambaye ka, me za ka ce?"

"Abin da ya kamata."

"Ni ba abin da ya kamata na tambaye ka ba. Kalma ɗaya ce, ko mai koyon magana ya iya ta."

"Maigida zai kasance a zaune. Ma'aikaci ba ya miƙa hannu ya cafke muƙami a gaban maigidansa kamar kare ya ga ƙashi. Zan ce ban isa ba, shi kuma ya ce in karɓa, gida ya yarda. Haka ake yi."

"Haka ake yi a Kyoto. Leƙa taga ka gaya mini, Kyoto kake gani? Ni dai shanu nake gani."

Norihiko ya iso ranar Talata, mutum mai shekara arba'in da huɗu, cikin kwat mai tsada, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Tsuneo ya sa rigar aikinsa mai shuɗin baba, wadda ke da tambarin gidan a baya, ya bi shi taku ɗaya a baya suka zagaya lambun. Norihiko ya daɗe a tsaye gaban duwatsun bakin tafki.

"Hannunka yana nan, Tsune," ya ce.

"Albarkacin gida ne, Maigida. Gobe kuwa, ina jin za su yi wata 'yar magana."

"Na sani. Ka yi yadda ɗan gidanmu yake yi. Sauran ka bar mini."

Hankalin Tsuneo ya kwanta, har ya yi wa Kinue kallon ai na gaya miki.

Ranar Laraba mutum tara suka zauna a kewaye da tebur a ɗakin taron majalisa, Roelof yana kujerar baya. Mevrouw Zwiers ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta kira shi Meneer, wato Malam a harshensu, ta ce, "Meneer Hibino, kwamiti yana so ka zama shugaban lambun har iya lokacin da ƙarfinka ya kai. Ka karɓa?"

Tsuneo ya miƙe, ya sunkuya, ya faɗi kalmomin da ya kwana biyu yana shiryawa a harshensu. "Na gode ƙwarai. Amma ni ban isa ba. Hannuna bai kai ba, har yanzu koyo nake yi. Akwai waɗanda suka fi ni." Sannan ya juya ya dubi maigidansa, yana jira.

Norihiko yana juya cokali a cikin gahawa. Ya ajiye cokalin a hankali, sannan ya yi wa kwamitin magana da Turanci.

"Abin da ya gaya mini jiya ke nan. Shekarunsa sittin, kewar gida ta dame shi, nauyinku ne ya hana shi faɗa tun da wuri. Gidanmu zai karɓe shi hannu biyu. Lambun kuma kada ku damu. Za mu riƙa turo ma'aikata daga Kyoto sau biyu a shekara, aikin yau da kullum ɗan kwangilar gari ya isa."

Mevrouw Zwiers ta cire tabarau. "Haka ne, Meneer Hibino?"

Turancin Tsuneo kaɗan ne, amma ya ji komai. Idan ya ce ba haka ba ne, ya ƙaryata shugaban gidan Kusakabe a gaban baƙi tara, da tambarin gidan a bayansa. Ya sunkuyar da kai. Su kuwa a wurinsu sunkuyar da kai amsa ce. Sakatare ya rubuta, aka wuce zuwa batun magudanar ruwa.

A bakin matakala Roelof ya kamo hannunsa, fuskarsa ta yi ja fiye da gemunsa. "Oga, shekara ashirin ina koya maka. An rufe gwangwani kana kallo."

Magana zarar bunu ce, amma Kinue ba ta yarda ba. Ta hau keke ta tafi ofishin Mevrouw Zwiers ta yi mata bayani. Matar ta saurara, sannan ta ce, "Mijinki babba ne, ba yaro ba, kuma a gaban mutum tara na tambaye shi. Amma in ya rubuto da hannunsa kafin yammacin Juma'a cewa ya sake shawara, zan mayar da zancen gaban kwamiti." Kinue ta dawo ta ajiye takarda da alƙalami a kan tebur. Tsuneo ya ce ba zai iya rubutawa ba sai da izinin Maigida.

Ranar Alhamis da hantsi ya tafi masaukin Norihiko. Aka bar shi a zaure awa biyu. Da aka shigar da shi, Norihiko yana cin abincin rana, kuma bai nuna masa kujera ba.

"Maigida, jiya na zaci za ka ce in karɓa."

"Ka ce ba ka isa ba. Ƙarya ka yi musu?"

"A'a, Maigida, amma ai ka san yadda..."

"To ni na gaskata ka. Shekara arba'in da biyar kana gidanmu, in ban gaskata ka ba, wa zan gaskata?"

"Saura shekara goma lambun ya tsaya da ƙafarsa. In akwai laifin da na yi, a gaya mini."

Norihiko ya ajiye cokali mai yatsu, ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya ƙura masa ido kamar mai karanta wasiƙa. "Dalili kake so, Tsune? Yaushe aka fara faɗin dalili a gidanmu?" Ya ɗaga yatsa ya nuna fuskarsa. "Ido."

Sai a lokacin Tsuneo ya tuna da dutsen gidan ibada da igiya mai jini. Shekara ashirin da biyar abin bai taɓa faɗo masa ba. Ya nemi nadama a ransa don ya miƙa ta, amma abin da ya tarar shi ne har yanzu yana ganin dutsen, kuma duk sau bakwai ɗin a karkace yake.

"Rubuta musu in kana so," in ji Norihiko, yana mayar da hankali ga farantinsa. "Sai dai ka tuɓe rigar nan kafin ka rubuta, ka bar ta a wurin mai tsaron ƙofa."

Tsuneo bai san wane ne shi ba idan babu rigar nan. Ranar Juma'a ya wuni a kan tsani yana tsige allurai, takardar tana kan tebur fara fat. Da ƙarfe biyar ta wuce, Kinue ta ɗauke ta, ta naɗe kofin shayi da ita, ta sa a kwali. Shi ne kaya na farko da aka ɗaure. Daga ranar ba ta ƙara kiransa mai lambu ba, kuma ba ta kira shi da wani sunan ba.

Bayan wata guda aka yi bikin miƙa lambun ga gari, Norihiko ya dawo dominsa. Mevrouw Zwiers, da niyyar karrama Tsuneo, ta aro wata kimono, doguwar rigar gargajiya ta Japan, daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin, ja mai walƙiya da hoton dodo a baya, ta ce ya sa ya tsaya a bakin ƙofa a ɗauke shi hoto da magajin gari.

"A'a," in ji Tsuneo. "Ba na so. Rigar aikina ta ishe ni."

Norihiko ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Kada ki kula shi, Mevrouw. Mu haka muke, a'a ɗinmu na farko kunya ce kawai. Ki matsa masa, so yake yi."

Mevrouw Zwiers ta tsaya cak da rigar a hannu. Ta dubi Norihiko, ta dubi Tsuneo, kamar zaman ranar Larabar nan ya gilma mata. Amma motar magajin gari ta riga ta tsaya, 'yan jarida suna jira, makaɗa sun fara. Ta yafa masa rigar da sauri, ta ɗora ɓangaren dama a kan na hagu, yadda ake naɗe gawa a Japan. Kinue ta gani ta juya baya.

"Ta yi masa kyau," in ji Norihiko.

Haka aka ɗauki hoton, jama'a suna tafi.

A Kyoto gidan Kusakabe ya ba su ɗaki biyu a hawa na uku, inda babu ƙasar da ta kai a dasa albasa. Kinue ta bar kekenta a wurin matar Roelof, ba ta kuma sayi wani ba. Tsuneo ya je ya durƙusa ya yi wa Norihiko godiyar karɓarsa da aka yi, kamar yadda ya wajaba. Norihiko ya ce gwiwar mai shekara sittin ba ta tsani ba ce, amma akwai aikin da ya dace da shi. Sunan lambun Wendam ya jawo wa gidan baƙi daga Turai, har an ware musu ɗaki mai manyan hotunan lambun a bango. Tunda Tsuneo ya iya harshensu, shi zai riƙa zagayawa da su.

Shekara shida ya yi yana wannan aiki. Yakan tsaya gaban kowane hoto ya ce marigayi Maigida Jinzaburo ne ya tsara, ya faɗi inda aka ɗauko kowane dutse da shekarar da aka dasa kowane itace, ba ya kuskure. Roelof yakan aiko da kati duk ƙarshen shekara. Daga katunan Tsuneo ya san cewa ɗan kwangila yana aske itatuwan da inji su fito mulmul kamar ƙwallo, itace goma a wuni ɗaya, an shafe gadar da jan fenti, an rataye fitilun takarda, kuma baƙi sun ninka na da. "Kowa yana cewa yanzu ne ya yi kama da Japan," in ji Roelof a kati na uku. Bayan na huɗu katunan suka daina zuwa.

A shekararsa ta ƙarshe a ɗakin hotunan, wata dattijuwa 'yar Holan ta yi mamakin yadda yake jin harshenta. Ta ce ita ma ta je Wendam bara da jikokinta, sun ci kek a sabon shagon da aka gina a kusurwar lambun.

"Kai ka taɓa zuwa?" ta tambaye shi. "Ya kamata ka je ko sau ɗaya kafin ƙarfinka ya ƙare. Hoto ba ya nuna rabin kyansa."

Tsuneo ya ce yana jin labarinsa. Sannan ya roƙe su su matso gaba kaɗan, domin akwai wata tawaga tana jira a ƙofa.